Na cire wa kwamfutar Baba faswod, yanzu da kanta take buɗewa

Akwai wani lokaci da kusan kullum sai Baba ya kira ni kan maganar kwamfutar ɗakinsa. Wani lokaci ina wajen aiki, wani lokaci ina hanya, maganar dai ɗaya ce, bayan mun gaisa sai yace "Abin nan ya sake rufewa." Sai nace Baba ku duba takardar da na manna a ƙasan allon, ku rubuta abin da ke jiki. Sai in ji shiru, in ji ƙarar kibod ɗaya bayan ɗaya a hankali, can sai yace "Ya ƙi." Mu sake, ya sake ƙi, a na uku ko na huɗu ya buɗe, yace "To madalla, Allah ya yi maka albarka, koma bakin aikinka."

Baba malamin makaranta ne, ya fi shekara 30 yana koyarwa kafin ya yi ritaya, kuma irin mutanen nan ne da ba sa son ɗora wa kowa nauyi ko da 'ya'yansu ne. Ido ya yi rauni, an yi masa aikin yanar ido a ɗaya, hannunsa na dama kuma yana ɗan rawa musamman da safe. Rubutun waya ya yi masa ƙanana, shi ya sa tun farko na haɗa masa kwamfutar tebur a ɗakinsa, ta hannu ce na saya, da babban allo da sifika guda biyu. Abin da yake yi da ita bai wuce sauraron karatun Alƙur'ani da tafsiri, da labaran sashen Hausa na BBC da DW, da kallon hotunan jikoki da muke tura masa ba. Da can ƙanina yana gida, shi yake kunna masa ya buɗe masa, to da ya tafi bautar ƙasa sai abin ya dawo kan Baba shi kaɗai.

Sai kira ya ɗauke, kwana huɗu biyar bai yi min maganar kwamfuta ba, ni kuma na ɗauka ya saba ne. Ranar Asabar na je gida na shiga gaishe shi, na tarar da shi da ƙaramar rediyonsa ta da a kunne, kwamfutar kuma an lulluɓe ta da ƙyalle. Umma ce ta faɗa min a tsakar gida, tace ai ya daina taɓa ta, yace ba zai riƙa katse maka aiki kullum kan abu ɗaya ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwan yara karatu da rubutu, yau harafi takwas sun raba shi da tafsirin da yake so, kuma ni na saka su da hannuna.

Na roƙe shi ya gwada a gabana in gani. Ya gyara tabarau, ya kusanto da fuskarsa ga takardar, ya fara dannawa da yatsa ɗaya. A nan na ga inda matsalar take. Lambobin da ke cikin faswod ɗin a ɓangaren dama na kibod yake danna su, Num Lock kuma, maɓallin da ke kunna lambobin wannan ɓangaren, a kashe yake, saboda haka ba sa shiga sam. Haruffan kuma idan hannun ya yi rawa sai ɗaya ya fito sau biyu, shi kuma ba ya gani tunda ɗigo-ɗigo kawai allon ke nunawa. Ina tsaye a bayansa sai na tambayi kaina, wai wa wannan faswod ɗin yake hanawa shiga? Ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin allo, jikansa ɗan aji uku na firamare zai karanta ya shiga ba tare da wahala ba. Duk gidan nan mutum ɗaya kawai makullin yake tarewa, mai ɗakin.

A ranar na zauna na cire shi, kuma abin ya ɗauke ni fiye da yadda na zata, don ashe ƙofa ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ake tarar da ita idan an kunna kwamfuta. Akwai wadda ke rufewa da kanta idan an jima ba a taɓa linzami ko kibod ba. Akwai kuma ta uku, idan kwamfutar ta yi barci ta farka. Mutane da yawa ta farko suke buɗewa su ɗauka sun gama, bayan minti goma allon ya yi baƙi ya sake neman faswod, su ce gyaran bai yi ba. Ta biyun ma ita ta fi damun Baba, domin mai sauraron tafsiri na awa guda ba ruwansa da linzami, yana kishingiɗe yana jan carbi, ita kuma kwamfuta ba ta san yana nan ba, sai ta ɗauka ya tashi ta ja ƙofa. Idan karatun ya ƙare yana son ya saka na gaba sai ya tarar an kulle.

Kwamfutar Baba Linux Mint ce a kai, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne da ake sakawa a madadin Windows. Da can Windows 10 ce a kai, to an daina ba ta sabuntawar tsaro ta kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, tamu kuwa Core i5 ce zubi na 3, lafiyarta ƙalau amma ba ta cika sharaɗi ba. Sai na saka mata Mint 22, wadda ta fito a Yulin 2024 kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Lokacin da nake sakawa, a shafin da ake rubuta suna da faswod, akwai zaɓi ƙarara da aka rubuta "Log in automatically", na gan shi na wuce, saboda a wajen aiki an horar da mu cewa ba a barin kwamfuta a buɗe. Dokar ofis na kawo ɗakin dattijo ban tsaya na dubi ɗakin ba. Duk wanda zai saka wa iyayensa Mint ko 'yar uwarta Ubuntu sabuwa, tun a nan ya zaɓa ya huta.

Idan kuma an riga an saka, ga yadda na yi. Ka buɗe Menu ka rubuta Login Window, zai nemi faswod ɗinka, ka shiga shafin Users, a ƙasa za ka ga Automatic login da gurbin suna. Sunan da za ka rubuta shi ne ɗan gajeren nan mai ƙananan haruffa wanda kwamfuta ta san mutum da shi, ba cikakken suna mai manyan baƙi da yake fitowa a allon shiga ba, in ka manta shi ka buɗe Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta whoami zai faɗa maka. Abin da wannan tagar ke yi a ɓoye kawai rubutu ne take ƙarawa a fayil ɗin /etc/lightdm/lightdm.conf, layi mai cewa autologin-user= sai sunan, saboda haka in wata rana tagar ta ƙi buɗuwa za ka iya gyarawa da hannu. Abu ɗaya da ya kamata a sani, idan lokacin saka Mint ka zaɓi a rufe babban folda ɗinka da sirri, wato Encrypt my home folder, to shiga kai tsaye ba zai yi ba, domin faswod ɗin shi ne mabuɗin da ke warware fayilolin. Na Baba ban rufe ba, sai ya tafi daidai.

Ƙofa ta biyu da ta uku wuri ɗaya suke, System Settings sai Screensaver. Maɓallai biyu ne, "Lock the computer when put to sleep" da "Lock the computer after the screensaver starts", duka na kashe su. Daga nan na shiga Power Management, na mayar da "Suspend when inactive for" zuwa Never don kada ta yi barci tana tsakiyar karatu, amma kashe allo na bar shi a minti 30. Wannan da gangan ne, allon ya huta, hasken ma ya daina dukan idonsa da dare, in ya motsa linzami kaɗan ya dawo inda yake ba tambaya. Sannan na shiga Keyboard, Shortcuts, na cire Ctrl+Alt+L wanda ke kulle allo, don jikoki idan suka hau kibod da tafin hannu babu abin da ba sa dannawa.

Na kashe na kunna, ta wuce kai tsaye har kan hoton Masallacin Madina da na saka masa a bango. Na ji daɗi sosai, na kira shi nace Baba ku zo ku gani. Ya zauna, ya danna Chrome da kansa, sai ga wata 'yar taga ta fito tana cewa keyring bai buɗe ba lokacin da aka shiga, a rubuta faswod. Ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba. Ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu.

Wannan keyring ɗin ya kamata in ɗan tsaya a kansa don shi ne yake kayar da mutane da yawa. A Mint da Ubuntu akwai wani ɗan asusu na ɓoye da manhajoji ke ajiye sirrinsu a ciki, Chrome na cikin masu amfani da shi wajen kare faswod ɗin da ka adana a burauza. Asusun da faswod ɗinka na shiga aka kulle shi. Kullum idan ka rubuta faswod a allon farko, ƙofa biyu kake buɗewa a tare ba ka sani ba, ta kwamfuta da ta asusun. To yanzu da ka ce a shigar da kai ba tare da rubuta komai ba, ƙofar farko ta buɗe, amma asusun yana nan a kulle tunda ba wanda ya ba shi mabuɗi, shi ya sa yake tambaya. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi kuma tsarin yana da ma'ana.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in mayar da Baba kan Firefox, wadda take zuwa da Mint kuma ba ta dogara da wannan asusun, ko in cire wa asusun makulli. Ya riga ya saba da Chrome, ya san inda kowane abu yake, ya san alamar da launinta, kuma a shekarunsa sauya masa wuri ba ƙaramin abu ba ne. Sai na buɗe Passwords and Keys, na danna dama a kan Login, na zaɓi Change Password, na rubuta tsohon, gurbin sabon kuma na bar shi fayau ba komai. Zai gargaɗe ka cewa za a ajiye sirrinka a fili ba rufi, kuma gaskiya ya faɗa, kada ka danna Continue sai ka san abin da ke cikin asusun. Ni kafin in danna sai da na shiga Chrome na goge duk faswod ɗin da aka taɓa adanawa, na fitar da Gmail ɗina da na taɓa shiga a kai wata rana na manta, na kashe zaɓin da yake tambayar ko a adana faswod. Asusun da babu komai a ciki ko an bar shi a buɗe ba a yi asara ba.

Da daddare yayana ya kira, na ba shi labari, bai ji daɗi ba. Yace "Kai yanzu ka bar kwamfuta a wangale, duk wanda ya shigo ɗakin shikenan." Na fahimce shi, kuma ba na ganin laifinsa, shi ma irin horon da aka yi min aka yi masa. Abin da na faɗa masa shi ne, na farko faswod ɗin bai mutu ba. Shiga kai tsaye ba ya goge shi, tsallake tambayar kawai yake yi. Duk wanda zai saka sabuwar manhaja, ko ya taɓa saitin tsarin, ko ya yi wani abu da sudo, wato umarnin da ke ba da ikon mai kula da kwamfuta, dole sai ya rubuta, kuma yanzu na cire takardar daga jikin allo, kenan ta wannan ɓangaren kwamfutar ta fi da tsaro. Na biyu, idan ɓarawo ake tsoro, wanda zai ɗauke akwatin kwamfutar gaba ɗaya, to faswod ɗin shiga bai taɓa hana shi komai ba. Muddin ba a rufe hadis ɗin da sirri ba, filashi kawai zai saka ya tayar da ita da wata Linux, ko ya zare hadis ɗin ya jona a wata kwamfuta, ya ga komai. Faswod ɗin allon farko mai wucewa yake tarewa, wanda ya samu minti biyar kai ba ka nan. A ɗakin Baba masu wucewar su ne Umma da jikoki.

Inda yayana yake da gaskiya, kuma na yarda nan take, shi ne jikokin. Ba za su iya rusa tsarin ba amma za su iya goge hotuna, su goge folda ɗin karatun da na sha wahala na tara masa. Don haka washegari kafin in tafi na kwafe komai a wani hadis na waje na ba Umma ta ajiye a cikin akwatinta, kwafi ɗaya kuma yana wajena. Kuma mun yi magana da kowa a gidan, ba a shiga banki a kwamfutar nan, ba a shiga imel, ba a buɗe WhatsApp ɗin kowa a kai a tafi a bari. Maganar fansho da banki a wayarsa take, ita kuma tana da makullinta na yatsa wanda ba ya ba shi wahala.

Saura maganar wuta. Idan an ɗauke wuta kwamfutar tebur mutuwa take yi nan take tunda ba ta da batir kamar laftof, in an dawo da ita kuma sai an sunkuya ƙarƙashin tebur an lalubo maɓalli, ga Baba da ciwon gwiwa. A cikin BIOS, wato shafin saitin asali na kwamfuta da ake shiga tun tana tashi, akwai saitin da ke faɗa wa kwamfuta abin da za ta yi idan wuta ta dawo. A Dell F2 ake dannawa tana tashi, sunansa AC Recovery, a HP F10 ne, ana kiransa After Power Loss, wasu kuma Restore on AC Power Loss suke rubutawa. Zaɓi uku ne, ta zauna a kashe, ta kunna kanta ko yaya, ko ta koma yadda take kafin a ɗauke. Na ukun na zaɓa. Idan yana cikin saurare aka ɗauke, wuta na dawowa za ta tashi, idan kuma shi ya kashe ta da hannunsa ya kwanta, ko ƙarfe biyun dare aka kawo wuta ba za ta haske masa ɗaki ba. Amma don Allah kada wani ya kunna wannan alhali kwamfutarsa kai tsaye take a jikin soket. Mun san yadda wuta ke dawowa wani lokaci, ta zo ta koma ta sake zuwa cikin daƙiƙa kaɗan, ko ta zo da ƙarfi fiye da kima. Ta Baba a bayan sitabilaiza take, mai maɓallin jinkiri, sai wutar ta zauna tukuna yake sakinta. UPS ma, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, ina da niyyar saya masa, domin yawan mutuwa ba shiri ba ya yi wa hadis kyau.

Na ƙara Chrome a Startup Applications don ya buɗe da kansa, na saita shi ya fara da shafin da Baba ya fi shiga, na ƙara girman rubutu, na koma wajen aiki da kwanciyar hankali.

Bayan sati biyu sai ga kira. Yace yanzu wani baƙin allo ne da farin rubutu, ba hoton masallaci. Na sa 'yar yayana ta ɗauko min hoton allon, sai na ga saƙon cewa agogo bai daidaita ba, a danna F1 a ci gaba. Batirin CMOS ne ya mutu. Wani ɗan batir ne kamar kwabo a jikin babban allon cikin kwamfuta, CR2032 mai volt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Kwamfutar da ta haura shekara goma dole batirin ya gaji, kuma a wurin da ake yini ba wuta ya fi saurin ƙarewa tunda shi kaɗai ke ɗauke da nauyin. Da ya mutu sai saitin da na yi a BIOS ya goge. Ƙarshen mako na biya wajen mai gyaran agogo na saya, na buɗe murfin gefe, na ɗan tura ƙarfen da ke riƙe da shi da farce ya fito, na saka sabo alamar tarawa tana sama, na gyara kwanan wata na sake saitin. Duk wanda zai yi wa tsohuwar kwamfuta wannan aikin, shawarata ya canza batirin tun ranar farko.

Na san yawancinmu Windows muke amfani da ita, kuma na yi a can ma, domin wani aminin Baba da ya zo ya ga abin yace shi ma a yi masa, tasa Windows 11 ce. Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta netplwiz, ka zaɓi sunan mutum, ka cire alamar da ke kan "Users must enter a user name and password to use this computer", ka danna Apply, ka rubuta faswod sau biyu. Sau da yawa za ka buɗe ka tarar babu wannan layin gaba ɗaya, kada ka rikice. Ka je Settings, Accounts, Sign-in options, ka kashe zaɓin da ke cewa a yarda da Windows Hello kaɗai ga asusun Microsoft, ka rufe netplwiz ka sake buɗewa, zai fito. Kuma idan da asusun Microsoft ake shiga, faswod ɗin asusun ake nema ba PIN ɗin nan mai lamba huɗu ba, a nan muka ɓata lokaci don dattijon PIN kawai ya sani, sai da aka kira ɗansa. Wannan tagar ba ta duba ko abin da ka rubuta daidai ne, karɓa kawai take yi, sai ka sake kunnawa za ka gane ka yi kuskure.

Za ka ga wasu suna koyar da a shiga Registry, wato ma'ajiyar saitin Windows, a rubuta AutoAdminLogon da DefaultPassword da hannu. Yana aiki, amma faswod ɗinka zai zauna a wurin a rubuce ƙarara, ni ba na so. Idan netplwiz ya gagara, gara ka sauke Autologon daga shafin Microsoft, ɗaya ce daga kayan Sysinternals na Mark Russinovich, 'yar ƙaramar manhaja ce mai gurbi uku, ita ɓoye faswod ɗin take yi maimakon ta bar shi a fili. In wata rana kana son allon shiga ya fito don ka shiga da wani suna, ka riƙe Shift lokacin da kwamfuta ke tashi.

Sauran ƙofofin a Windows a warwatse suke. A Sign-in options ɗin nan dai akwai tambayar yaushe za a sake neman ka shiga idan ka tashi, ka mayar Never. A ƙasa akwai Dynamic lock, wanda ke kulle kwamfuta idan wayar da aka haɗa da Bluetooth ta yi nisa, ka tabbata a kashe yake. Sai ka nemo Screen saver settings ka cire alamar "On resume, display logon screen", sannan ka gyara lokacin barci a wajen saitin wuta. Masu Ubuntu nasu ya fi sauƙi, Automatic Login yana cikin Users, Automatic Screen Lock kuma yana ƙarƙashin Privacy, maganar keyring kuma iri ɗaya ce da ta Mint.

Akwai waɗanda na ƙi yi wa. Ƙanwata tace in cire mata na laftof ɗinta don yana ɓata mata lokaci, nace a'a, kwamfutar da take shiga jaka ta hau mota ta je makaranta, ga imel ɗinta ga hotunanta ga aikin digirinta duk a ciki, ita ƙarin makulli ma take buƙata. Wani maƙwabcinmu mai shagon buga takardu shi ma ya nema, kwamfutar da mutane ke kawo takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa da hotunan fasfo a ajiye a kai, kuma yana tashi sallah ya bar shago da yara. Nace masa amanar mutane ce a ciki, na koya masa danna maɓallin Windows da L tare, dannawa ɗaya kafin ya tashi ya kulle. Bai so ba da farko amma yanzu ya saba. Idan kuma kwamfutar ofis ce aka ba ka, kada ma ka fara, ba taka ba ce, ka tambayi masu kula da ita.

Takardar faswod ɗin da na ɓamɓaro daga jikin allo, Baba ya karɓa ya ninke ta biyu ya saka cikin fayil ɗin takardunsa na fansho, yace ko ba ka nan wata rana wani zai buƙata. Ƙyallen da aka lulluɓe kwamfutar da shi Umma ta mayar da shi kan keken ɗinkinta.

Jiya bayan la'asar ya kira ni. Ina ɗagawa na ji muryar mai tafsiri ƙasa-ƙasa a bayansa, ya rage sautin da kansa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, sannan yace an ɗauke wuta sau biyu tun safe kuma duk biyun yana zaune a kujerarsa ta dawo da kanta. Yace idan zan zo ranar Asabar in taho masa da cikon karatun Suratul Kahfi, wanda ke cikin folda ɗin a rabi ya tsaya.